Kiran Fen a Keji na Tara

International City, Dubai
3 ga Yuli, 2024

Kawu Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ubanta, da fatan sanyin Gembu bai tayar maka da ciwon ƙafar nan ba. Ina gaida 'yarka, Yaya Murjanatu. Umma ta ce idan na turo takarda ta wayar Yaya Murjanatu, za ta karanta maka ranar da ta dawo daga asibiti, tunda kai da waya ba kwa ga maciji.

Wataƙila ka manta ni. Ni ce Mahfuza ta wajen Ummulkhair, 'yar baffanka da ke Kano. Ni ce na fasa maka kwalbar farar zuma da ka kawo tsaraba ina 'yar shekara bakwai, ka ce ba komai, amma na ga fuskarka.

Wata biyar ke nan ina aiki a nan. Na karanta jinyar dabbobi, sai Allah ya kawo ni gidan gonar wani attajiri a bayan gari, inda yake tara tsuntsaye kamar yadda wasu ke tara motoci. Keji ashirin da biyu ne a hannuna. Shugabana sunansa Mubashir. Ba mugu ba ne, amma duk maganarsa biyu ce, yalla da khalas, wato yi sauri da shi ke nan.

Kwana goma da suka wuce aka kawo wani tsuntsu aka sa a keji na tara. Takardarsa ta ce turako ne mai jan tukku, irin na ƙasar Angola, kuma a gidan kiwo aka ƙyanƙyashe shi. Girmansa ya ɗara tattabara kaɗan, amma wutsiyarsa doguwa. Jikinsa kore ne, wutsiyar shuɗiya, tukkun kansa ja. Da ya buɗe fiffike sau ɗaya, na ga wani ja a ciki wanda ban taɓa ganin irinsa ba ko a shadda.

Kawu, tsuntsun nan mutuwa yake yi a hannuna. Ba ya ci. Yana zaune a ƙasa, baki buɗe. Na ba shi gero, na ba shi abincin aku, ko kallo bai yi ba. Na ce ɗan Afirka ne, na'urar sanyaya gidan ce ke cutar da shi, na kashe na ɓangarensa, har fitila mai ɗumi na kunna masa. Sai ƙara lalacewa yake. Mubashir ya ce mai gida ya fi son wannan a kan duk sauran, kuma ni har yanzu a gwaji nake. Na gane abin da yake nufi.

Umma ce ta ce in rubuto maka. Ta ce shekarun da ka yi a gindin dutsen Oku a Kamaru, babu tsuntsun kurmin da ba ka sani ba. Da na turo maka hoto, amma a ƙofa muke ajiye waya, dokar gidan ce. Don Allah ka taimake ni da abin da ka sani.

'Yarka,
Mahfuza


Gembu
6 ga Yuli, 2024

'Yata Mahfuza,

Wa alaikis salam. Muna lafiya, ƙafa kuma tana nan yadda take, ni da ita mun saba. Ban manta ki ba, kuma ban manta zumar ba. Ki gaida Ummulkhair idan kun yi waya.

Kafin komai, ki kashe wannan fitilar. Ki kunna sanyin da kika kashe, ki ƙara. Ku 'yan Kano da kun ji an ce Afirka sai ku tuna zafin Afrilu a Kurna. Idan tsuntsun da nake zato ne, to daga wurin da muke yafa bargo da rana tsaka ya fito, wurin da gajimare ke shigowa har cikin ɗaki, itatuwa duk sun sa rigar gansakuka. Buɗe bakin nan da yake yi ba kuka ba ne, haki ne. Ki samu abin fesa ruwa ki riƙa fesa masa a iska, ba a jikinsa ba, ya riƙa sauko masa kamar raɓa.

Gero kuma ki ba kajinki. Wannan ba ya cin tsaba. 'Ya'yan itace yake ci, masu taushi, yana haɗiye su ɗungum. Ki nemi ɓaure nunanne, da gwanda, da ayaba, ki yanka ƙanana. Kada ki ajiye a ƙasa, ki rataye a sama. Ki sa masa reshe dogo, ba ɗan guntun sandan da ake sa wa aku ba. Shi gudu yake a kan reshe kamar kurege, tashi bai dame shi ba.

Angola ban san ta ba, ban san tsuntsayenta ba. Amma ki je ki tsaya kusa da shi ki duba min abu uku. Fuskarsa, wane launi ne? Bakin gashin tukkun, ja ne har ƙarshe ko akwai fari? Sannan bakinsa, ruwan ɗorawa ne duka, ko akwai wani launi a bisa doronsa? Kada ki duba takarda, tsuntsun za ki duba.

Kawunki,
Mijinyawa


International City, Dubai
11 ga Yuli, 2024

Kawu,

Barka da hutawa, ya ƙafa? Da na ga hoton takardarka da rubutun hannunka, sai da na karanta sau biyu a cikin bas, na farko don kunya, na biyu don in haddace. Kwana goma ina gasa bawan Allah da sunan tausayi. A nan waje zafi ya kai arba'in da biyar, ni kuma na ƙara masa fitila.

Na yi duk yadda ka ce. Na roƙi mai kula da lambu ya saro min reshe mai tsawon hannu shida. Da yamma tsuntsun ya rufe bakinsa. Washegari na tarar da shi a sama, ya yi gudu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya tsaya ya karkata kai yana kallona. Dariya ta kama ni ni kaɗai a cikin keji.

Ga amsarka. Fuskar ruwan toka ce. Tukkun ja ne har ƙarshe, babu fari ko ɗigo. Bakin ruwan ɗorawa ne, amma akwai jan layi mai duhu a doronsa. Na buɗe littafin da ke ofis. Na Angola fuskarsa fara ce tas, kuma bakin tukkunsa fari. Wannan ba shi ba ne. A shafin gaba na ga nawa, sak. Turawa suna kiransa turakon Bannerman. Littafin ya ce babu shi ko'ina a duniya sai a kurmin tsaunukan yankin Bamenda, kuma saura kaɗan. Wato ba a gidan kiwo aka ƙyanƙyashe shi ba, kamo shi aka yi.

Na kai wa Mubashir littafin. Ya duba littafin, ya duba tsuntsun. Sai ya ce, "Takarda ta ce Angola. Ke ki sa ya ci abinci, khalas."

To cin ne har yanzu da saura. Yana shan ruwa, yana ɗaukar ɓaure yanka biyu ko uku, sai ya bari. Na auna shi jiya, ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar bakin wuƙa. Wani abu kuma da ya fara: kullum da safe, da na buɗe ƙofa, sai ya miƙa wuya ya yi kira, kau-kau-kau, da murya mai kauri da ba ta yi kama da ta ƙaramin jiki ba. Sai ya yi shiru, kansa a karkace. Daga nan ba ya sake taɓa abinci har rana ta faɗi.

Na gaya wa Umma wannan, sai ta ce ai Kawunki yana iya kiransu da bakinsa, su sauko har kusa da kafaɗarsa, da idonta ta gani lokacin da ta je Oku tana budurwa. Kawu, idan gaskiya ne, ka yi min kiran a wayar Yaya Murjanatu ta turo min. Mubashir ya yarda in riƙa shiga da waya in gwada.

'Yarka,
Mahfuza


International City, Dubai
20 ga Yuli, 2024

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin in san laifina. Kwana tara ban ji daga gare ka ba. Na kira Yaya Murjanatu, ta ce lafiyarka ƙalau, ta karanta maka takardar, ka ce ta sake karanta ƙarshen, sannan ka tashi ka shiga ɗaki. Ta ce tun ranar ba ka tayar da zancen ba.

Na yi ta juya abin. Ko dai na yi maka rashin kunya ne, yarinya ƙarama ta ce dattijo ya yi kukan tsuntsu a waya kamar mai wasa a kasuwa? Wallahi ba haka nake nufi ba. Ko kuwa ambaton Oku ne ya taɓa ka? Na san rikici ne ya fito da ku daga can, kun baro gida da gona, ni kuma na zo ina ta maganar wurin kamar shafin littafi. Idan wannan ne, ka yafe min.

Amma ba zan ɓoye maka ba, na ji haushi. Jiya na tarar da shi a ƙasa kuma. Na ɗauke shi, ba nauyi, kamar na ɗauki hular kwano babu kai. Na nemi kiran irinsa a intanet, na samu guda, an ɗauka daga nesa da ƙarar ruwan sama a ciki. Na kunna, ya ɗaga kai, ya mayar. Yanzu ɗura nake masa da sirinji, yana ƙin haɗiyewa.

Fiddausi, wadda muke ɗaki ɗaya, ta ce in daina sa tsuntsun wani a rai, in fara neman wani aikin tun kafin a kore ni. Gaskiyarta. Amma ni da safe idan ya yi kiran nan ya karkata kai, sai in tuna watana na farko a nan, ina yi wa mutane sallama a lif ɗin hawa bene ba mai amsawa.

Ko a'a ce, ka rubuto min ita, in san inda na tsaya.

'Yarka,
Mahfuza


Gembu
23 ga Yuli, 2024

'Yata Mahfuza,

Sallama da gaisuwa. Ba ki yi min laifi ba, kuma ba Oku ba ce. Ni ne nake da abin da ban so in faɗa ba. Ummulkhair ta ga tsuntsu ya sauko kusa da kafaɗata, amma ba ta ga abin da ya biyo baya ba, don ban bari ta gani ba.

Mutanen Oku suna kiransa fen. A can idan mutum ya yi abin kirki babba, sarki ne ke soka masa jan gashin fiffiken fen a hula, kowa ya gan shi ya san ko wane ne. Da can gashin da ya faɗo ake tsinta, ko a kama ɗaya a shekara. Sai zamani ya zo kowa yana son gashi a hularsa, na gari da na birni. Ni ina fataucin zuma, ina shiga kurmi da masu amya, kunnena kuma yana da kyau. Na koyi kiran.

Fen ba ya zama shi kaɗai. Biyu-biyu suke. Ɗaya ya fara, ɗayan ya amsa, na wancan kwarin su ɗauka, har kiran ya zagaye dutse. Kiran farawa kowa yana iya kwaikwayo, shi ne irin wanda kika samu. Amsar ce mai wuya, don sai ta shigo a daidai inda na farko zai ja numfashi. Ni amsar na iya. In shafa danƙo a reshe, in ɓuya, in jira ya kira, in amsa. Ba ya tsayawa tunani, zuwa yake da gudu. Shekara goma sha ɗaya ina wannan, kuma da shi na yi rufin kwanon gidan da muka baro.

Na ƙarshe da na kama, abokin zamansa ya biyo ni. Ina saukowa da ɗan'uwansa a jaka, shi yana bina daga itace zuwa itace yana kira, har bakin kurmi inda gonakin dankali suka fara. A nan ya tsaya, don ba sa fita fili. Ina jin sa har na kai rafi. Da damina ta zagayo na koma wannan kwarin, na zauna tun hantsi har azahar, babu wanda ya kira. Ni na cinye su. A wurin na yi alkawari tsakanina da Allah bakina ba zai sake yin wannan amsar ba. Shekara ashirin da shida ke nan. Ko lokacin da na koma yi wa masu ƙirga tsuntsaye jagora, sun roƙe ni, na ce ban iya ba.

Naki yana kira yana jira ne, ba a amsa ba, shi ya sa yake barin abinci. Na sani tun takardarki ta biyu. Kwanakin nan ina ta tunani ne ko ya halatta in sake yi wa fen ƙarya. Na je wajen limaminmu na gaya masa komai. Ya ce in ciyar da miskinai goma, in ceci ran. Na ciyar.

Murjanatu ta ɗauki amsar daga bakina a wayarta jiya da safe a bayan gida. Haƙorana biyu sun zube, ban sani ba ko tsuntsun zai yarda. Kada ki kunna sai ya kira, ki shigo a inda zai ja numfashi. Ki sa abincin kusa da inda muryar ke fitowa.

Sharaɗi ɗaya. Wannan muryar tarko ce. Wanda ya kawo tsuntsun nan Dubai yana da mutane a dutsen. Da waya ɗaya da ƙaramar lasifika, abin da na yi a shekara goma sha ɗaya za su yi shi a damina guda. Idan ya fara ci, ki goge. Na sa Murjanatu ta goge nata a gabana.

Kawunki,
Mijinyawa


International City, Dubai
2 ga Agusta, 2024

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Murjanatu. Allah ya saka maka da alheri. Na karanta takardarka, muryar ma ta iso.

Ranar farko na yi sauri, na shigo masa cikin magana, ya yi banza da ni. Rana ta biyu na ɓoye wayar a bayan ganye kusa da faranti, na jira. Ya kira. Da ya zo jan numfashi na danna. Kawu, tukkunsa ya miƙe tsaye. Tsuntsun da nake ɗauka da hannu ɗaya ya hau reshe da gudu, ya buɗe jan fiffiken nan duka, ya sake kira. Na sake amsawa. Ya leƙa bayan ganye, ya leƙa ƙasan faranti, bai ga kowa ba. Sai ya tsaya a wurin ya haɗiye ɓaure yanka goma sha ɗaya, ina ƙirgawa ina hawaye.

Kwana shida na yi ina haka. Ya ƙara nauyi. A rana ta shida ya fara ci tun kafin in danna.

A ranar ne Mubashir ya shigo ya gani. Ya yi murna sosai, har ya ce min ukhti, wato 'yar'uwata, abin da bai taɓa yi ba. Sai ya ce in tura masa muryar. Na ce don me? Ya ce dillalin da ke kawo mana tsuntsaye ya ji labari, yana so, kuma mai gida yana son a samo wa wannan mata. Na ce muryar ba tawa ba ce, ta kawuna ce, aro ya ba ni. Ya ce a cikin gidan aka yi amfani da ita, saboda haka ta gidan ce. Ya miƙo hannu.

Na goge ta a gabansa. Na shiga inda ake ajiye abin da aka goge, na sake gogewa, na nuna masa.  Sai ya ce gwajina zai ƙare ƙarshen watan Agusta, zai yi tunani. Ban san me zai yanke ba. Fiddausi ta ce ni dai ban da hankali, sannan ta dafa min shayi.

Kafin in tashi na ciro katin da ke jikin keji na tara. Inda aka rubuta Angola na ja layi, na rubuta sunansa na gaskiya da inda ya fito, na mayar da katin wurinsa. Likitan hukuma yana zuwa duba tsuntsaye duk wata uku, kuma katin yake fara karantawa. Har yau ba wanda ya cire.

Abu ɗaya ke damuna. Yana ci, amma bai daina kira ba. Kullum da safe sai ya je bayan ganyen nan ya kira, ya jira. Na gwada amsawa da bakina a banɗaki, Fiddausi ta ce kamar ana yanka agwagwa. In ci gaba da koyo?

'Yarka,
Mahfuza


Gembu
7 ga Agusta, 2024

'Yata Mahfuza,

Wa alaikis salam. Muna lafiya, ruwa ake yi kwana uku babu tsayawa. Na sa Murjanatu ta karanta min wurin ɓaure goma sha ɗayan nan sau uku.

Batun aiki, Allah ya zaɓa miki mafi alheri. Ni na sa ki a wannan, na sani, kuma ba ni da abin da zan biya ki da shi. Zumar nan dai na yafe.

Kada ki koya. Abin da baki ya iya, wata rana sai an saye shi ko an roƙe shi, ni shaida ne. Kuma duk ranar da aka amsa masa, sai ya sake neman wanda babu. Mun ruɗe shi ya ci abinci, ya isa. Ki bar shi ya kira. Ki tsaya kusa da reshen har ya gama, ki miƙa masa ɓaurensa. Zai saba da ke a matsayin ke.

Ga roƙona, idan dokar ƙofa ta bari ko sau ɗaya kafin ƙarshen wata. Ki ɗauko min nasa kiran, na farawar, wanda ba ya kama kowa. Shekara bakwai rabona da jin fen, a Gembu babu su. Murjanatu za ta kara min wayar a kunnen dama, shi ne mai ji. Zan saurara har ya kai inda zai ja numfashi, kuma zan kama bakina.

Kawunki,
Mijinyawa